Babi na Bakwai: Ranar da Ba a Hura Wuta a Hara Kabira

A kudancin Tunisiya, cikin tekun Bahar Rum, akwai wani tsibiri da ake kira Jarba. Girmansa ya ɗan haura murabba'in kilomita 500, ga dabino ga zaitun, kuma kusan dukan mutanensa Musulmi ne, 'yan Malikiyya da 'yan Ibadiyya. Daf da babban garin tsibirin, Humt Suk, akwai unguwar Hara Kabira. A nan mafi yawan Yahudawan Jarba suke zaune, su wajen 1,000. Larabcin maƙwabtansu suke yi, kuskus irin nasu suke ci, da yawa daga cikin magidantansu kuma maƙeran zinariya da azurfa ne a kasuwar gari.

Duk ranar Juma'a, idan la'asar ta yi sakaliya, sai a ji ƙarar ƙahon rago ta ratsa unguwar, alamar Asabar ta ƙarato. Al'adar ta daɗe ƙwarai. Talmud, babban kundin fiƙihun Yahudawa da aka kammala a ƙasar Iraƙi wajen ƙarni na 6, ya bayyana yadda ake busa ƙaho sau shida kowace Juma'a: busar farko don manoma su ajiye kayan aiki su kamo hanyar gida, ta biyu don 'yan kasuwa su rufe shaguna, ta uku don a kunna fitila, sauran ukun kuma su tabbatar wa kowa an shiga. Yawancin al'ummomin Yahudawa sun bar wannan tuntuni. Agogo da kalanda sun karɓi aikin, a wasu garuruwan Isra'ila kuma jiniya ake saki. Jarba dai ta riƙe ƙahonta.

A lissafin Yahudawa, kamar a lissafin Hijira, dare shi ke gaba da yini. Saboda haka Asabar ɗinsu, wadda suke kira Shabbat, tana kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a, ba ta fita sai an ga taurari uku a sama daren Lahadi, wajen awa 25 ke nan. A tsakanin nan aiki haramun ne. To amma me ake nufi da aiki? Nan ne mai kallo daga waje yake ruɗewa, domin ba gajiya ake aunawa ba. Mutum zai iya ɗaukar babban teburi daga ɗaki zuwa ɗaki, gumi na zuba, bai saɓa komai ba. Ya ƙyasta ashana ɗaya kuwa, ya karya Asabar.

Mishna, littafin shari'a da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ƙididdige ayyuka 39 da aka hana. Duk wanda ya tashi a karkara zai gane jerin tun kafin a gama karanta masa. An fara da hanyar da ƙwayar hatsi take bi kafin ta zama abinci: huɗa, shuka, girbi, sussuka, shiƙa, niƙa, tankaɗe, kwaɓi, gashi. Sai hanyar tufafi: sausayar ulu, rini, kaɗi, saƙa, ɗinki, ƙulla igiya da kwance ta. Sai farauta, yanka, fiɗa, jima. Sai rubutu, ko da haruffa biyu ne, da gogewa. Sai gini da rushewa, hura wuta da kashe ta, da fitar da kaya daga gida zuwa titi. Malamansu sun ce waɗannan su ne ayyukan da Bani Isra'ila suka yi lokacin da suke haɗa hemar ibada a hamada zamanin Annabi Musa. Abin da ya haɗa su duka shi ne hannun ɗan Adam yana sauya halitta daga wata kama zuwa wata. Yini ɗaya a mako, an ce ya janye hannun. Da zamani ya zo da mota da lantarki da wayar salula, malaman masu riƙo da tsohuwar koyarwa suka sa su ƙarƙashin wannan hukunci: injin mota wuta yake hurawa, makunnin fitila ma ba a taɓa shi, wayar kuwa a ajiye ta sai dare.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan shari'a shi ne abin da take haifarwa ba tare da ta faɗa ba. Babu inda aka rubuta cewa dole Bayahude ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Amma wanda ba zai hau mota ranar Asabar ba, ba zai kuma yi nisan da ya wuce kamu 2,000 daga bakin gari ba, wato kimanin kilomita ɗaya, ina zai gina gida in ba inda ƙafarsa za ta kai shi majami'a, wato wurin ibadarsu, ba? Ga kuma wani sharaɗin: ba a fito da Attaura a karanta wa jama'a, ba a kuma yin wasu muhimman addu'o'i, sai an sami maza goma da suka kai shekara 13. Wannan adadi sunansa minyan. Tara ba su isa ba, ko da dukansu shehunnan malamai ne. Ke nan attajirin da ya fi kowa zinariya a Humt Suk yana iya tsayawa a ƙofar majami'a yana leƙen hanya, yana jiran wani yaro ɗan talaka da zai cika goma. Haka dokar hana aiki ta zama dokar zaman tare.

A duba maganar abinci. An hana girki, amma an so a ci abinci mai zafi da rana, har ma ana ganin cinsa girmama ranar ne. Mafita ita ce a ɗora tukunya tun Juma'a, ta kwana tana dahuwa a hankali a kan wutar da ba wanda zai taɓa. Kowace al'ummar Yahudawa tana da irin tata tukunyar. Ta mutanen Poland da Rasha sunanta colent, ta Maroko dafina ko sahina, a Tunisiya kuma akwai arisa, wadda ake yi da alkama da nama, da bakaila, wadda ake yi da alayyafon da aka soya har ya yi baƙi. A Hara Kabira har yau akwai gidan burodin unguwa da ake kai wa tukwane. Yammacin Juma'a za ka ga yara da samari ɗauke da su, kowace da alamar gidansu, a jera su cikin tanderun da ya gama gashin burodi amma bai huce ba, a rufe, sai gobe bayan an taso daga majami'a a zo a kwashe. Yanzu gidaje da yawa suna da farantin lantarki da ake barinsa a kunne tun Juma'a, duk da haka tanderun bai mutu ba. Kuma inda tukwanen unguwa suke kwana wuri ɗaya, sirrin gida kaɗan ne yake ɓoyuwa. Tukunyar da ba ta zo ba, ko wadda ta zo ba nauyi, labari ce.

To yaya ake ɗauko tukunya a bi titi da ita, alhali fitar da kaya yana cikin 39 ɗin nan? Malaman Talmud sun tanadi abin da suke kira eruv. Idan aka kewaye unguwa da katanga, ko da waya a kan turaku, aka kuma ajiye burodi a wani wuri da sunan mazauna duka, to a shari'ance unguwar ta zama gida ɗaya, ana iya ɗaukar jariri da mabuɗi da kwano a cikinta. Na san mai karatu zai ɗaga gira a nan, domin ƙissar mutanen Asabar da ke cikin Suratul A'araf, masuntan nan na bakin teku da kifi yake zo musu ranar da aka hana su kamu, kowane almajiri ya san ta, ya kuma san ƙarshensu. Su ma Yahudawan ba su bar maganar ta wuce salin alin ba. A ƙarni na 8 wata ƙungiya ta taso a Iraƙi, wadda daga baya aka sani da Karayawa, ta ce ba ta yarda da fatawoyin malamai ba sai nassin Attaura tsurarsa. Tsofaffin Karayawa a duhu suke kwana daren Asabar, abinci mai sanyi suke ci, don a ganinsu barin wuta tana ci daidai yake da hura ta. Sauran malamai suka ce a'a, abin da aka hana shi ne aikin hannu a ranar, ba amfani da abin da aka tanada tun jiya ba. Rinjaye ya tafi wajen na biyun, kuma su mutanen Jarba suke bi, bisa littafin Shulhan Aruk na Yusuf Karo da aka fara bugawa a Benis a 1565, haɗe da al'adun tsibirin da babban malaminsu Moshe Kalfon Hakohen, wanda ya rasu a 1950, ya tattara a littafinsa Berit Kehuna.

Kafin rana ta faɗi da kamar minti 18, uwar gida take kunna fitilu, aƙalla biyu, ta yi addu'a. Daga nan ita ta shiga Asabar. Maza sun yi wanka sun sa kaya masu kyau sun nufi majami'a, inda ake tarbar ranar da zabura da waƙoƙi kamar yadda ake tarbar amarya. Fitacciyar waƙar wannan dare wani malami ne mai suna Shelomo Alkabes ya tsara ta a garin Safad a ƙarni na 16, ta kuma bazu daga Yaman har Amurka. Ibadar ba ta da tsawo. Ana fitowa ana gaisawa da "Shabbat shalom", kowa ya nufi gida, domin rabin ibadar a kan teburin cin abinci take. Mai gida ya ɗaga kofin giyar inabi ya tsarkake ranar, a wanke hannu, a yaye ƙyallen da ya rufe burodi biyu. Biyun nan tunawa ce da mannun da aka saukar wa Bani Isra'ila a hamada, wanda suka ce ranar Juma'a ninki biyu yake sauka don kada a fita tsinta ranar Asabar. A Tunisiya kuskus ne abincin wannan dare. Ba talabijin, ba rediyo, ba wanda wayarsa za ta yi ƙara ya tashi. Ko kana so ko ba ka so, da iyalinka za ka yi hira.

Safiyar Asabar ita ce babbar haɗuwa. An raba littattafai biyar na Attaura kashi 54, ana karanta kashi ɗaya kowane mako, wani lokaci biyu a haɗe, har a sauke cikin shekara guda a sake komawa farko. Kashin da ake karantawa a Jarba shi ake karantawa a Landan da Buwenos Aires a wannan safiya, in ban da 'yan makonnin da bukukuwa kan sa Isra'ila ta ɗan sha gaban sauran. Littafin naɗaɗɗiyar fata ce da aka rubuta da hannu, ba wasali ko ɗaya a ciki, ba kuma alamar kari. Dole mai karatu ya haddace su tun cikin mako, in ya yi tuntuɓe kuwa jama'a ba sa jira, nan take za su gyara masa da murya ɗaya. Mutum bakwai ake kira su tsaya gefen littafin ɗaya bayan ɗaya. Na farko dole ya zama Kohen, wato zuriyar Annabi Haruna. Na biyu daga sauran zuriyar Lawi, ƙabilar da Annabi Haruna ya fito daga cikinta. Daga nan sai sauran jama'a.

Nan Jarba take da wani abin mamaki nata. Kohen sun yi yawa a tsibirin fiye da yadda aka saba gani a ko'ina, har ana yi masa laƙabi da tsibirin Kohen. Mutanen wurin suna cewa kakanninsu limaman Haikalin Ƙudus ne da suka tsero bayan Buhtunasar ya rushe shi a shekara ta 586 kafin Miladiyya, kuma sun taho da wani dutse ko ƙyaure daga ginin suka sa a harsashin majami'ar Ghariba da ke ɗaya unguwar, Hara Saghira. Wannan labarin baka ne, masana tarihi ba su da hujjar da za ta tabbatar da shi, ginin Ghariba na yanzu ma na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Zuriyar Lawi kuwa babu su a tsibirin. Tatsuniyar wurin ta ce Uzairu ne ya yi musu baki saboda sun ƙi komawa Ƙudus da ya kira su, duk Balawin da ya zauna a Jarba ba zai kai shekara ba. Shari'a ta tanadi irin wannan hali: inda ba Balawi, Kohen ɗin da ya tsaya da farko shi zai sake tsayawa a karo na biyu.

Kiran nan zuwa ga Attaura ba ƙaramar daraja ba ce, kuma da shi ake tafiyar da al'amuran unguwa. Wanda aka yi wa haihuwa a makon, da angon da ke shirin aure, da yaron da ya cika 13, da wanda ya tashi daga doguwar jinya ko ya dawo daga tafiya mai haɗari, da mai tunawa da ranar rasuwar mahaifinsa, duk ana ba su wuri. Wanda ya zauna ya saurari sunayen da aka kira ya ji labarin unguwa na mako guda. A majami'u da yawa na Yahudawan ƙasashen Larabawa har gwanjon waɗannan darajoji ake yi, wanda ya fi tayi ya samu, ko ya ba wani kyauta don girmamawa. Kuɗi dai ba a taɓa shi ranar Asabar, rubutu ma haramun ne, saboda haka alkawari ne na baki a gaban jama'a, a biya cikin mako. Da irin wannan kuɗi ake sayen man fitila, a gyara rufi, a taimaki marasa hali. Bashin da aka ci a gaban maƙwabta duka wuyar taushewa gare shi.

Bayan an ci tukunyar rana sai barci, sai ziyara, sai karatu. Titunan unguwa da babura suka cika jiya sun zama filin wasan yara. Da yamma a koma majami'a, a ci abinci na uku, domin sau uku aka ce a ci a ranar.

Kada dai a ɗauka komai daɗi ne. Hutun awa 25 ɗin nan wasu ne suke biyan kuɗinsa da ƙashin bayansu, kuma mata ne. Cefane da wanki da sharar gida da girkin abinci uku na babban iyali, duk sai an gama kafin ƙaho, kuma da hunturu rana da wuri take faɗuwa. A al'adar Jarba mata ba su cika zuwa majami'a ba, saboda haka darajojin da ake rabawa can ba su ake kira ba. Sannan zaman da kowa ya san tukunyar kowa yana da nasa ƙunci. Saurayin da zuciyarsa ta fara shakka, ko wanda kawai yake son ya duba wayarsa, ba shi da lungun ɓuya. A birni kamar Faris mutum zai iya barin Asabar a hankali ba wanda ya lura. A Hara Kabira barin ta kusan daidai yake da barin unguwar.

Akwai abu ɗaya da yake ture dokar gaba ɗaya, shi ne rai. Idan mace ta fara naƙuda, ko wani ya faɗi ciwo mai tsanani, to a tayar da mota, a kira likita, a hura wuta, kuma malamai sun ce wanda ya tsaya neman fatawa a irin wannan lokaci shi ne mai laifi. Mutanen Jarba sun ga wannan hukunci ido da ido. Sojojin Jamus sun mamaye Tunisiya daga Nuwamban 1942 zuwa Mayun 1943. Wata Asabar a Fabrairun 1943 jami'ansu suka iso tsibirin suka ce a tara musu kilo 50 na zinariya cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba jama'a su kuka da kansu. Malaman unguwa da kansu suka bi gida gida a ranar da ba a taɓa ko sisi, mata suka ciro 'yan kunne da awarwaro. Kilo 43 aka samu aka miƙa.

Idan taurari uku suka fito, ana sallamar ranar da ɗan gajeren biki mai suna habdala: kofin inabi, ganye mai ƙanshi da ake shinshinawa, da wutar da aka kunna sabuwa, ta farko tun jiya. Minti kaɗan bayan haka babura sun tashi, masu soya birik, wato fankasun nan mai ƙwai a ciki da Tunisiya ta shahara da shi, sun ɗora mai, Musulmi da Yahudawa suna layi.

A 1948 Yahudawan Tunisiya sun kai kimanin 100,000. Kafuwar Isra'ila a wannan shekara, da samun 'yancin kai a 1956, da rikicin Bizarta na 1961, da tarzomar da ta biyo bayan yaƙin 1967 inda aka kai wa babbar majami'ar birnin Tunis hari, suka kwashe su zuwa Isra'ila da Faransa. Yau abin da ya rage bai wuce 1,500 ba. Jarba ma ta yi asara, domin a shekarun 1940 Yahudawanta sun haura 4,000. Ba ta kuma tsira daga jini ba. A ranar 11 ga Afrilun 2002 wani ɗan Alƙa'ida ya tayar da motar gas a ƙofar Ghariba, mutum wajen 20 suka mutu, 14 daga cikinsu Jamusawa 'yan yawon buɗe ido. A watan Mayun 2023, lokacin ziyarar shekara da ake kawo wa majami'ar, wani jami'in tsaro ya buɗe wuta ya kashe mutum biyar, maziyarta biyu da abokan aikinsa uku.

Duk da haka kashi biyu cikin uku na Yahudawan ƙasar a wannan ɗan tsibiri suke, babban malamin Yahudawan Tunisiya ma, Hayim Bitan, a can yake zaune ba a babban birni ba. Dalilan suna da yawa. Akwai sana'ar zinariya da baƙi 'yan yawon buɗe ido suke raya ta, akwai kariyar gwamnati, akwai kuma tsohon sabo da maƙwabta Musulmi. Akwai taurin kan malaman tsibirin, waɗanda tun farkon ƙarni na 20 suka ƙi yarda ƙungiyar Alliance ta Faransa ta buɗe makarantar boko a wurinsu, a daidai lokacin da 'ya'yan Yahudawan Tunis suke koyon Faransanci suna kama hanyar da daga baya ta kai su Faris da Marsai. Wannan ƙi ya jawo musu koma baya a boko, ba shakka. Amma a ganina abin da ya fi riƙe su shi ne tsarin da yake tilasta musu haɗuwa kowane kwana bakwai, a ƙirga kawuna, a ga wanda babu. Birnin Tunis da ya taɓa ɗaukar dubun dubatar Yahudawa yau 'yan ɗaruruwa suka rage masa, akasarinsu tsofaffi. A Hara Kabira kuwa majami'u fiye da goma ne suke buɗe, makarantun yara maza da mata kuma suna aiki.